Maki 3,951 ba kofi ko ɗaya: Da me ake auna gwanintar Caitlin Clark?

A ranar 6 ga Afrilun 2025, jami'ar UConn ta doke South Carolina da ci 82 da 59 a birnin Tampa, ta ɗauki kofin ƙwallon kwando na mata na jami'o'in Amurka karo na 12 a tarihinta. Paige Bueckers, wadda ke jan ragamar wasan ƙungiyar, ta fita daga filin tana hawaye, ta rungume kocinta Geno Auriemma. Wasanta na ƙarshe ke nan a jami'a.

Nasarar ta sake tayar da muhawarar da aka yi zaton ta kwanta. Shekara guda kafin nan, Caitlin Clark ta jami'ar Iowa ta kammala nata zamanin da maki 3,951, adadin da babu namiji ko mace da ya taɓa ci a rukunin farko na gasar NCAA. Sai dai ta je wasan ƙarshe sau biyu a jere, an kuma doke ta duka biyun.

Magoya bayan Bueckers suka ce ga hujja ta fito, kofi shi ne ke raba gardama. Magoya bayan Clark suka ce a je a duba alƙaluma. A ƙarƙashin wannan ja-in-ja akwai tambayar da ta fi ta "wa ta fi wa" nauyi, wato da wane ma'auni ake auna 'yar wasan da aikinta shi ne tafiyar da ƙungiya.

Mene ne aikin mai rarraba ƙwallo?

'Yan wasa biyar kowane ɓangare ke sakawa a fili. Ɗaya daga cikinsu, wadda ake kira lamba ɗaya, ita ce ke ɗauko ƙwallo daga gida, ta kira salon harin da za a kai, ta yanke shawarar wadda za a bai wa da lokacin da za a ba ta. Ga masu kallon ƙwallon ƙafa, ta fi kama da ɗan tsakiya mai lamba 10, sai dai ita kusan kowane hari ta hannunta yake bi.

A gasar mata ta jami'o'i, wasa zango huɗu ne, kowanne minti 10, kuma daƙiƙa 30 kacal ƙungiya ke da su ta yi jifa idan ƙwallo ta zo hannunta. Saboda haka mai rarraba ƙwallo tana yanke shawara sau da dama a cikin minti ɗaya.

A da, abin da ake nema gare ta shi ne ta rarraba, ta kiyaye ƙwallo, ta bar cin maki ga wasu. Sue Bird, wadda ta jagoranci UConn ta ci wasa 39 ba tare da an doke ta ba a 2002, maki kusan 14 take ci a wasa. Clark kuwa ta ci 31.6 a kowane wasa a shekararta ta ƙarshe. Sunan matsayin ɗaya ne, aikin da suka yi ya sha bamban, kuma daga nan wahalar kwatance take farawa.

Ma'auni na farko: yawan maki

A nan babu mai ja da Clark. A ranar 15 ga Fabrairun 2024 ta karya tarihin Kelsey Plum na maki 3,527 a wasan da ta ci wa Iowa maki 49 a kan Michigan. Makonni biyu bayan haka ta wuce Lynette Woodard mai 3,649, wadda ta buga wa Kansas kafin hukumar NCAA ta karɓi ragamar wasannin mata. A ranar 3 ga Maris ta wuce Pete Maravich mai 3,667, tarihin maza da ya tsaya tun 1970.

Akwai abubuwan da suka kamata a ajiye kusa da waɗannan lambobi. Maravich kaka uku kawai ya buga wa LSU, a lokacin da babu jifan maki uku, kuma yana cin 44.2 a kowane wasa. Akwai kuma Pearl Moore, wadda ta tara 4,061 a shekarun 1970 a matakin ƙananan kwalejoji. Shi ya sa ake cewa tarihin Clark na rukunin farko ne na NCAA.

Zargin da aka fi yi mata shi ne yawan jifa, cewa duk wanda aka bari ya yi ta harbi dole ya tara maki. Tsohuwar tauraruwa Sheryl Swoopes ta taɓa cewa Clark ta samu ƙarin shekara ta biyar kuma tana jifa 40 a wasa. Maganar ba haka take ba, domin kaka huɗu Clark ta buga, wasa 139, daidai da yawan wasannin Plum. Daga baya Swoopes ta amsa cewa ta yi kuskure game da yawan shekarun.

Hanyar da ta fi dacewa a bi ita ce a duba abin da kowane jifa ke haifarwa. A kakar 2023 zuwa 2024, Clark ta zura jifan maki uku sau 201, wanda ya zarce 162 da Stephen Curry ya zura a kaka ɗaya lokacin yana jami'ar Davidson. Kusan kashi 38 cikin 100 na irin wannan jifa nata ne ke shiga. Idan aka lissafa, jifa 100 sun ba ta maki kusan 114 ke nan. Mai jifa daga kusa da kwando sai ta zura 57 cikin 100 kafin ta kamo hakan. Yawancin nata kuwa daga nesa ƙwarai take yin su, wani lokaci daga kusa da tambarin tsakiyar fili, da mai tsaro manne da ita.

Bueckers ta bi wata hanya dabam. Matsakaicin makinta a jami'a bai kai 20 a wasa ba, amma fiye da rabin jifanta na shiga, abin da ba kasafai ake gani ga 'yar wasan baya ba. Ba ta cika yin jifan da bai zama dole ba. Har kocinta ya sha ƙorafi a bainar jama'a cewa tana yawan bayar da ƙwallo a lokacin da ya kamata ta harba da kanta.

Ma'auni na biyu: bayarwa da ɓararwa

Hayaniyar maki ta rufe abin da masu nazarin wasan da dama ke ganin shi ne babbar baiwar Clark, wato idonta. Ta bayar da ƙwallo aka ci sau 1,144, kusan takwas a kowane wasa. Ita ce ta farko a rukunin farko, maza da mata, da ta haɗa maki 3,000 da bayarwa 1,000. A 2022 ta zama mace ta farko da ta zo kan gaba a ƙasar a cin maki da bayarwa a kaka ɗaya, ta kuma maimaita a 2024.

Yadda abin ke aiki a fili yana da sauƙin ganewa. Tun da tana iya zurawa daga nesa, dole masu tsaro su fito su tare ta tun daga tsakiyar fili, sau da yawa su biyu. Da zarar biyu sun bi mutum ɗaya, an bar wata a sake. Monika Czinano, wadda ke tsayawa a ƙarƙashin kwando, ta yi shekaru tana zura kusan biyu cikin kowane jifa uku, yawanci daga hannun Clark. Bayan tafiyarta, Hannah Stuelke ta ci maki 47 a wasa ɗaya da Penn State a Fabrairun 2024 ta irin wannan hanya. A kakar, Iowa ce ta fi kowace ƙungiya cin maki, kusan 91 a wasa.

Amma akwai farashi. Clark tana ɓarar da ƙwallo fiye da sau huɗu a kowane wasa, domin tana son jefa ƙwallo mai haɗari ta ratsa tsakanin mutane ko ta tsallake rabin fili. Idan aka auna, bayarwarta ba ta kai ninki biyu na ɓararwarta ba. Bueckers a shekararta ta ƙarshe tana bayar da fiye da uku kafin ta ɓarar da ɗaya.

Kociyoyin da suka taso a tsohon tsari za su zaɓi Bueckers a kan wannan ma'auni ba tare da dogon tunani ba. Masu kare Clark kuwa suna cewa wanda ya fi kowa riƙe ƙwallo dole ya fi kowa asararta, kuma kociya Lisa Bluder da gangan ta amince da wannan ciniki saboda ribar ta fi asarar yawa. Makin da Iowa ke ci ya goyi bayan Bluder, amma hakan bai share raunin ba.

Ma'auni na uku: tsaron gida

A nan ne Clark ta fi rauni, kuma a nan ne alƙaluma suka fi ƙarancin bayani. Iowa kan ɗora nauyin tsare 'yar wasan baya mafi haɗari ta abokan hamayya a kan Gabbie Marshall, a bar Clark ta huta don hari. A wasan ƙarshe na 2023, LSU ta zura musu maki 102, mafi yawa da aka taɓa ci a wasan ƙarshe na gasar. Ba laifin mutum ɗaya ba ne, amma ƙungiyar da tauraruwarta ba ta tsaro sosai tana shiga babban wasa da gibi.

Bueckers ta fi ta a wannan fanni. A kakar 2023 zuwa 2024, lokacin da raunuka suka rage wa UConn 'yan wasa, an mayar da ita tana tsare waɗanda suka fi ta tsawo da ƙarfi a kusa da kwando, ta kuma yi aikin har ƙungiyar ta kai wasan kusa da na ƙarshe.

Ma'auni na huɗu: kofi

Breanna Stewart, wadda ta ci kofi huɗu a jere da UConn daga 2013 zuwa 2016, ta faɗa a lokacin gasar 2024 cewa sai da kofi za a saka 'yar wasa a sahun waɗanda suka fi kowa. Mutane da yawa sun yarda da ita, kuma suna da hujja. Manufar wasa ita ce nasara, kuma mai rarraba ƙwallo ita ce jagora a fili.

Sai dai idan aka duba manyan wasannin Clark, ba a ga alamar tsoro. A 2023 ta ci maki 41, ta cafe ƙwallo 10, ta bayar da 12 a kan Louisville. Wasa na gaba ta sake cin 41 a kan South Carolina, wadda ta zo da nasara 42 a jere, Iowa ta yi nasara da ci 77 da 73. A 2024 ta rama wa LSU da maki 41 da bayarwa 12. Kafin zuwanta, sau ɗaya tak Iowa ta taɓa kaiwa zagayen ƙungiyoyi huɗu na ƙarshe, a 1993, kuma ba ta taɓa buga wasan ƙarshe ba.

Tana da ranakun da abin ya ƙi. A 2022 Creighton ta fitar da Iowa a zagaye na biyu, a gidanta, da ci 64 da 62, Clark ta zura huɗu kacal cikin jifa 19.

Wasan ƙarshe na 7 ga Afrilun 2024 a Cleveland shi ne ya fi nuna iyakar abin da mutum ɗaya zai iya. Clark ta ci maki 18 a zangon farko kaɗai. Daga nan kociya Dawn Staley ta ɗora mata Raven Johnson, wadda Clark ta yi wa alamar raini da hannu a wasan shekarar da ta gabata, ta ƙi ma matsowa ta tsare ta. Johnson ta manne mata, har ta ƙwace ƙwallo daga hannunta dab da hutun rabin lokaci. A sauran zango uku, maki 12 kawai Clark ta ƙara.

Duk da haka, ba a nan aka ci Iowa ba. South Carolina ta cafe ƙwallo 51, Iowa 29. Kamilla Cardoso ita kaɗai ta cafe 17. 'Yan benci na South Carolina sun ci maki 37, na Iowa ba su ci ko ɗaya ba. Aka tashi 87 da 75. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

A gefe guda, a wasan da Bueckers ta ɗauki kofi, maki 17 ta ci. Azzi Fudd da Sarah Strong kowacce ta ci 24, kuma Fudd aka zaɓa gwarzuwar zagayen ƙarshe. Su ukun, kowacce ita ce ta ɗaya a jerin 'yan sakandaren shekararta a ƙididdigar ESPN. Wannan bai rage darajar Bueckers ba, domin ita ce ta ci wa ƙungiyar maki 40 a kan Oklahoma a kan hanyar zuwa can, bayan karayar ƙashin gwiwa a 2021 da tsinkewar jijiya a 2022 da ta hana ta buga kaka guda cur. Abin da ya nuna shi ne kofi yana auna ƙungiya gaba ɗaya.

Tarihi ma yana da misalai. Staley da kanta, wadda ake lissafawa cikin manyan masu rarraba ƙwallo, ta kai Virginia zagayen huɗun ƙarshe sau uku a jere daga 1990 zuwa 1992 ba ta ɗauki kofi ba. A 1991 an ba ta kyautar gwarzuwar zagayen duk da an doke su a wasan ƙarshe. Sabrina Ionescu ta Oregon, wadda ta fara haɗa maki 2,000 da cafewa 1,000 da bayarwa 1,000, annobar korona ce ta soke gasar 2020 a shekarar da ƙungiyarta ke cikin waɗanda ake sa ran za su ɗauka. Ita kuwa Arike Ogunbowale, wadda mahaifinta ɗan Najeriya ne, jifa biyu na daƙiƙar ƙarshe a cikin kwana uku ne suka ba Notre Dame kofin 2018. Da ɗaya ya kauce da taƙi guda, da labarinta ya canza, alhali gwanintarta tana nan yadda take.

Farin jini da gwaninta

Wani abin da ke rikita hukunci shi ne kuɗi da suna. Mutum miliyan 9.9 ne suka kalli wasan ƙarshe na 2023 a talabijin. Na 2024 ya samu kusan miliyan 18.9, karo na farko da wasan mata ya zarce na maza. A Oktoban 2023, mutum 55,646 suka cika filin ƙwallon Amurka na Kinnick don kallon wasan sada zumunta na Iowa. Staley, tana riƙe da kofi, ta gode wa Clark a bainar jama'a kan yadda ta ɗaga darajar wasan.

Wannan tasiri gaskiya ne, amma ba ya auna iya wasa. Kuma ya zo da tambayar launin fata. A'ja Wilson, wadda ta ci kofi da South Carolina a 2017, ta faɗa a 2024 cewa 'yan wasa baƙaƙe ba sa samun irin tallan da fararen ke samu ko da sun yi fice. Bueckers da kanta ta yi amfani da jawabin karɓar kyautar ESPY a 2021 wajen kira da a riƙa haskaka mata baƙaƙe da suka gina wasan. Sakamakon haka shi ne wasu na kambama Clark fiye da kima saboda ita kaɗai suka sani, wasu kuma na rage mata abin da ta cancanta saboda haushin kambamawar.

Abin da gasar ƙwararru ta nuna

Gwaji mafi tsauri ga 'yar jami'a shi ne gasar WNBA. Kafin Clark ta shiga, Diana Taurasi ta yi gargaɗin cewa wasa da manyan mata ya bambanta da wasa da 'yan shekara 18. Indiana Fever ta ɗauke ta a matsayin ta farko a Afrilun 2024, kuma a wasanta na farko ta ɓarar da ƙwallo sau 10.

Zuwa ƙarshen kakar, ta bayar da ƙwallo 337 aka ci, wanda a lokacin ya zama tarihi a gasar, har da 19 a wasa ɗaya da Dallas. Ta kuma ɓarar da 223, shi ma tarihi ne. Makinta ya sauko zuwa kusan 19 a wasa. Indiana ta shiga wasannin neman kofi karo na farko tun 2016, aka zaɓe ta gwarzuwar sababbin 'yan wasa. A 2025 raunuka suka taƙaita ta ga wasa 13, a shekarar da Bueckers, wadda Dallas Wings ta ɗauka ta farko, ta karɓi irin wannan kyauta.

Wato abin da idon mai lura ya gani a Iowa shi ne ya biyo ta. Bayarwar ta biyo ta, ɓararwar ma haka. Maki 31 a wasa ne bai biyo ta ba, kuma shi ne aka fi yi mata kirari da shi.

Me ya sa batun ke da muhimmanci?

Tun daga Yulin 2021 aka bai wa 'yan wasan jami'o'i damar samun kuɗi da sunansu da hotonsu, kuma daga 2025 NCAA ta fara biyan rukunonin jami'o'i kuɗi bisa nisan da ƙungiyoyin matansu suka kai a gasar. Yadda ake auna 'yar wasa yanzu yana shafar kwangilar talla da matsayin da za a ɗauke ta a WNBA. Idan kofi ne kaɗai hujja, yarinya mai hazaƙa za ta ga babu amfanin zama a jami'ar jiharta kamar yadda Clark ta yi, gara ta bi sahun taurari zuwa UConn ko South Carolina. Idan kuma maki ne kaɗai, za a rasa masu tsaro da masu haƙurin rarrabawa.

Najeriya ma tana cin moriyar wannan tsari. Ezinne Kalu, wadda ta ja ragamar D'Tigress har suka doke Australiya da Kanada suka kai zagayen kwata fainal a Olamfik na Paris a 2024, karon farko ga wata ƙungiyar ƙwallon kwando daga Afirka, a jami'ar Savannah State ta taso, makarantar da ba ta cikin masu neman kofin ƙasa. Da ma'aunin kofi kaɗai, da ba wanda zai waiwaye ta.

Idan aka jera ma'aunan huɗu, Clark ta fi a ƙirƙirar maki, ko da hannunta ko ta hannun wasu, da kuma ɗaga ƙungiyar da ba ta da tarin taurari. Bueckers ta fi a tsaftar wasa da tsaro, tana kuma da kofi. Kyautar Nancy Lieberman, wadda ake bai wa mai rarraba ƙwallo mafi fice a kowace shekara, ta zagaya tsakaninsu shekara biyar a jere: Bueckers a 2021 da 2025, Clark a 2022 da 2023 da 2024. Sau biyu suka haɗu a gasar NCAA. UConn ta ci na 2021 da 92 da 72, Iowa ta ci na 2024 da 71 da 69.

A ranar 2 ga Fabrairun 2025, Iowa ta rataye riga mai lamba 22 a rufin filinta, alamar babu wadda za ta sake saka ta. Masu tasowa irin su Hannah Hidalgo ta Notre Dame za su gamu da tambayoyin da aka yi wa Clark: nawa kowane jifa ke haifarwa, su wa ta sa suka ƙara kyau, sau nawa ta ɓarar, wa take tsarewa, kuma da su wa ta shiga fili.